Yadda ake tantance ingancin lu'u-lu'un ƙira, da abin da takardar shaida ba ta faɗa

Lu'u-lu'un da aka ƙera a ɗakin gwaje-gwaje lu'u-lu'u ne na gaske. Kabon ne zalla, ƙwayoyinsa a jere bisa tsari ɗaya da na wanda aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa. Taurinsa 10 ne a ma'aunin Mohs, ƙarfin karya haskensa 2.42, nauyinsa giram 3.52 a kowane kubik santimita, duk daidai da na haƙa. Shi ya sa a 2018 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta daina sharɗanta cewa sai dutse ya fito daga ƙasa kafin a kira shi lu'u-lu'u, amma ta ce dole mai sayarwa ya bayyana wa mai saye cewa na ƙira ne.

Da irin wannan dutse ya fara cika kasuwar kayan ado, sai aka ɗauko ma'aunin da ake da shi a hannu aka ɗora masa: nauyi, launi, tsabta da yanka, abubuwa huɗun da 'yan kasuwa ke kira 4C. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ta tsara wannan ma'auni. A 1953, ƙarƙashin jagorancin Richard Liddicoat, ta fitar da jerin launi na D zuwa Z da matakan tsabtar da duniya ke bi har yau.

To, a nan gizo ke saƙar. An gina ma'aunin ne don auna ƙaranci. Dutsen haƙa mai launin D wanda babu tabo a cikinsa yana da tsada ne domin ƙasa ba ta cika fitar da irinsa ba. Masana'anta kuwa, da zarar ta daidaita injinta, sai ta riƙa fitar da D da E da F ba dare ba rana. Haruffan da ke kan takardu sai suka taru wuri guda, bambancin gaske tsakanin dutse da dutse ya koma inda haruffan ba su cika kaiwa ba. Kafin mutum ya iya karanta takardar dutsen ƙira, sai ya san yadda aka raini dutsen.

Hanyoyi biyu, kowace da irin aibinta

Hanya ta farko, HPHT, kwaikwayon abin da ke faruwa ne a can cikin ƙasa: matsi mai tsanani da zafi mai tsanani. Da ita kamfanin General Electric ya samar da lu'u-lu'u a Disamban 1954 a hannun Tracy Hall, sai dai 'yan ƙananan ƙwayoyi ne na aikin masana'antu. Waɗanda suka isa a yanka don ado sai a farkon shekarun 1970. Ana sa ɗan ƙaramin lu'u-lu'u a matsayin iri a ƙasan wani ƙwanso, a ɗora masa gaurayen ƙarafa, galibi baƙin ƙarfe da nikel ko kobalt, sannan a sa kabon a sama. Inji ya matse ƙwanson da ƙarfin da ya ninka matsin iskar duniya sau 50,000 zuwa 60,000, zafi ya kai digiri 1,300 zuwa 1,600 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarafan su narke, kabon ya narke a cikinsu, ya gangaro daga ɓangare mai zafi zuwa wurin irin da ya ɗan fi sanyi, ya riƙa daskarewa a kansa.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, idan girman ya yi sauri ko zafin ya yi tangal-tangal, ɗigon narkakken ƙarfe kan maƙale a cikin dutsen. Na biyu shi ne batun naitirojin. Ko kaɗan ya shiga, dutsen zai fito ruwan ɗorawa, don haka masu ƙira kan zuba alminiyom ko titaniyom a cikin gaurayen domin su kama naitirojin ɗin kafin ya shiga. Amma idan aka kawar da shi, ɗan burbushin boron da ke cikin kayan haɗin sai ya samu sarari, shi kuwa boron launin shuɗi yake bayarwa. Daga nan ne ake samun dutsen HPHT fari tas amma da ɗan shuɗi-shuɗi ko toka-toka a jikinsa.

Hanya ta biyu, CVD, ba ta buƙatar wannan matsi. Ana jera siraran faifan irin lu'u-lu'u a cikin wani akwati da aka zuƙe iskarsa, a shigar da haidirojin mai yawa da ɗan metan, a kunna musu igiyar maikurowef har iskar ta koma wani dunƙulen wuta mai haske. Kabon ɗin da ya rabu daga metan sai ya riƙa sauka a kan faifan hawa-hawa, a zafin digiri 900 zuwa 1,200. Aikin haidirojin shi ne cinye duk kabon ɗin da ya so ya zauna a matsayin baƙin girafait maimakon lu'u-lu'u. Ana ɗaukar makonni, kuma sau da yawa sai an tsayar da injin an ciro duwatsun an yanke baƙin ɓawon da ke taruwa a gefensu, sannan a mayar a ci gaba.

Kowace tsayawa tana barin layi a cikin dutsen. Gaggawa ma tana da nata sakamakon: ɗan naitirojin a cikin iskar yana hanzarta girma, amma dutsen da ya girma da sauri yakan fito ruwan ƙasa, saboda guraben da suka rage ba kabon a cikin jerin ƙwayoyinsa. Maganin da aka saba shi ne a sa dutsen a injin HPHT bayan an gama rainonsa, a gasa shi a zafin da ke kaiwa wajen digiri 2,000, launin ya washe. Wannan gyara ba ya komawa, kuma ba aibi ba ne a kan kansa, sai dai wani lokaci ruwan ƙasan ba ya tafiya duka, yakan bar toka-toka a baya.

Kafin a ba da maki, sai an gano asali

Dutse yana isa cibiyar tantancewa tsirara ne, ba a kan zobe ba. Ana wanke shi, a auna nauyinsa, a sa shi a na'urar da ke ɗaukar tsawo da faɗi da kusurwar kowace fuska, sannan a ba shi lamba ta yadda masu duba shi ba za su san mai shi ba. Daga nan sai binciken asali.

Mafi yawan duwatsun haƙa, kusan kashi 98 cikin ɗari, suna ɗauke da naitirojin da ya dunƙule rukuni-rukuni a tsawon miliyoyin shekaru a cikin zafin ƙasa, kuma wannan dunƙulewa kan bar alama a hasken da dutsen ke sha, a daidai nanomita 415. Farin dutsen ƙira ba shi da ita. Kusan kullum yana cikin ajin da ake kira IIa, wato wanda ba a iya auna naitirojin a cikinsa, ko kuma IIb mai ɗan boron. Na'urorin tacewa na farko wannan suke dubawa. Sai dai a kula: idan na'ura ta ware dutse, ba ta ce na ƙira ba ne, ta ce dai a ƙara bincike, domin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na duwatsun haƙa su ma IIa ne.

Ƙarin binciken yana da matakai. Na'urar DiamondView ta kamfanin lu'u-lu'u na De Beers tana haska dutsen da hasken UV, wanda ido ba ya gani, mai gajeren zango sosai, tsarin girmansa ya bayyana a allo: na HPHT yakan nuna zanen gicciye ko murabba'i, tun da ya girma ne ta fuskoki daban-daban lokaci guda, na CVD kuma layi-layi. Idan aka sanyaya dutsen da ruwan naitirojin zuwa digiri 196 ƙasa da sifili aka harba masa leza, na CVD yakan nuna alamar silikon a wajen nanomita 737, silikon ɗin da ya zubo daga kayan cikin akwatin. Haka ake gane hanyar da aka bi, da kuma ko an gasa dutsen daga baya.

Ƙaramar na'urar gwaji mai kama da biro da ake gani a shagunan kayan ado ba ta da hurumi a nan. Saurin wucewar zafi take aunawa, shi kuwa iri ɗaya ne a na ƙira da na haƙa. Abin da ya fi rikita mutane ma, dutsen HPHT mai boron yana ɗan ɗaukar lantarki, sai irin na'urar da ke gwada lantarki ta ce moisanait ne, wani dutse daban mai kama da lu'u-lu'u, alhali lu'u-lu'u ne.

Nauyi

Wannan ne mafi sauƙi. Karat ɗaya miligiram 200 ne, bisa matsayar da aka cim ma a 1907, kuma ana raba shi gida 100. GIA na rubuta lamba biyu bayan ɗigo, kuma ba ta ƙara sama sai lamba ta uku ta kai 9: dutse mai 1.768 za a rubuta 1.76, mai 1.769 kuwa 1.77. Farashi yana tsalle a kan cikakkun lambobi irin 0.50 da 1.00 da 2.00, kuma wannan tsalle ne ke jan mai yanka ya bar nauyi inda bai kamata ba. Za mu dawo kansa.

Launi

Ana duba launi ne da dutsen a kife, faffaɗar fuskarsa a ƙasa, tsininsa a sama, a cikin farin faranti mai lanƙwasa, ƙarƙashin fitila mai kwaikwayon hasken rana, a ɗakin da bangonsa ba shi da launi mai jan ido. Ana kife shi ne domin ƙyalƙyalin sama yana ɓoye launin jiki. A gefensa akwai jerin duwatsun gwaji da aka riga aka san matakinsu, kowanne yana tsaye a bakin iyakar harafinsa. Mai duba zai ajiye dutsen a hagun na gwaji, ya sake ajiye shi a dama, domin idon ɗan Adam yakan ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya duhu. Mutum fiye da ɗaya ke dubawa, kowa shi kaɗai, sai ra'ayi ya zo ɗaya a rubuta.

D, E da F su ne marasa launi. G zuwa J kusan marasa launi. K zuwa M akwai ɗan launi, N zuwa R ya fara fitowa, S zuwa Z kuma a bayyane yake. An fara daga D ne don a rabu da tsofaffin tsare-tsaren da kowane ɗan kasuwa ke kiran nasa A ko AA yadda ya ga dama.

Harafin yana faɗin yawan launi, ba ya faɗin wane launi ne. A duwatsun haƙa wannan bai cika damuwa ba, tun da galibinsu ruwan ɗorawa ne ke raguwa ko ƙaruwa, kuma duwatsun gwajin ma na ruwan ɗorawa ne. A na ƙira kuwa, G uku za su iya zama abu uku daban: ɗaya da ɗan ruwan ɗorawa mai ɗumi, ɗaya da ruwan ƙasa na CVD, ɗaya da shuɗi-shuɗin boron. Ruwan ƙasa da toka su suka fi cutar da dutse, domin suna dusashe haskensa, ya yi kamar bai wanku ba. Shuɗin kuwa ra'ayi ne. Akwai masu son sa, akwai masu ganin yana sa dutse ya yi sanyi fiye da kima. Wasu takardu kan ambaci wannan a sashen ƙarin bayani, wasu ba sa ambata. Hanyar ganewa ita ce a naɗe farar takarda gida biyu, a kife dutsen a cikin lanƙwasar kusa da wani da aka amince da farinsa, a duba ta gefe a hasken rana wanda ba kai tsaye ba. Fitilun shago masu ƙarfi an sa su ne don su ƙawata kaya, ba za su nuna wannan ba.

Akwai ɗabi'u biyu da suka shafi haske waɗanda sukan tsorata mai saye. Wasu duwatsun HPHT, bayan sun sha rana ko hasken UV, sukan ci gaba da fitar da ɗan haske shuɗi-kore a cikin duhu na daƙiƙoƙi ko mintuna. Boron ne, ba ya rage ƙarfin dutse. Wasu na CVD kuma launinsu kan ɗan sauya na wani lokaci idan suka sha UV ko zafi, sannan ya dawo. Saboda irin waɗannan, mai tantancewa sai ya tabbatar dutse ya koma launinsa na dindindin kafin ya yanke hukunci.

Tsabta

Ƙa'idar ita ce ninki goma. Ana neman tabo da maikuroskof, amma hukunci na kan abin da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 ya nuna. Abin da bai fito a nan ba, ba a lissafa shi. Matakan 11 ne: FL, wanda babu komai ciki da waje, IF, wanda cikinsa garau ne sai ɗan ƙarzuwa a fata, VVS1 da VVS2, inda ƙwararre ma sai ya wahala kafin ya ga tabon, VS1 da VS2, SI1 da SI2, inda tabon ke fitowa da sauƙi a gilashi, sai I1, I2 da I3, waɗanda ido ke gani ba tare da komai ba. Abu biyar ake haɗawa a fitar da mataki: girman tabon, yawansa, wurin da yake, irinsa, da yadda ya bambanta da jikin dutsen. Ɗigo ɗaya baƙi a tsakiyar fuskar sama ya fi farare uku da suka ɓuya a gefe illa. A zanen da ke kan cikakkiyar takarda, ja na nufin tabon ciki, kore na nufin na waje.

Tabon HPHT ƙarfe ne: baƙi idan haske ya biyo ta baya, mai sheƙi idan ya sauka ta gaba, sau da yawa dogo siriri. Idan ya yi yawa, maganaɗisu mai ƙarfi zai iya jan dutsen. Babba daga cikinsu abin lura ne ga maƙerin zobe, domin ƙarfe da lu'u-lu'u ba sa buɗewa daidai idan suka ji wuta, kuma dutsen na iya tsagewa yayin gyara. Tabon CVD kuwa baƙaƙen ɗige-ɗige ne na kabon da bai zama lu'u-lu'u ba, wani lokaci a jere a kan shimfiɗa ɗaya, daidai inda aka tsayar da inji.

Babbar matsalar CVD ba ta cikin waɗannan. Idan irin da aka ɗora dutsen a kai ba shi da kyau, ko aka yi ta amfani da shi, kurakuran jerin ƙwayoyinsa sukan haura cikin sabon dutsen su bar shi a takure. Ba tabo ba ne da za a nuna da yatsa, don haka dutse zai iya samun VS1 ko ma VVS2, amma idan aka kalle shi sai a ga kamar gilashin taga da ƙura ta ɗan kwanta a kansa: gefunan fuskokinsa ba sa fitowa da kaifi, tartsatsin haskensa ya yi laushi. A ɗakin gwaji ana ganin wannan takura idan aka sa dutsen tsakanin matatun haske biyu da aka gitta. Na CVD yakan nuna ratsi-ratsi, na HPHT kuwa kusan wayam. Mai saye da ba shi da waɗannan kaya sai ya jera duwatsu biyu ko uku masu mataki ɗaya ya juya su a hankali. Gani ya kori ji.

A ra'ayinmu, biyan ƙarin kuɗi don hawa daga VS1 zuwa VVS1 a dutsen ƙira asara ce, tun da ido ba ya ganin bambancin kuma ƙaranci ba ya bayansa. Inda tsabta ke da muhimmanci shi ne yanka mai dogayen fuskoki hawa-hawa irin na emerald, wanda cikinsa a buɗe yake, ba shi da ƙyalƙyalin da zai rufa wa tabo asiri.

Yanka, inda hannun mutum yake

Launi da tsabta daga inji suke. Yanka kuwa aikin mai gogewa ne, kuma shi ne ke sa dutse ya yi wuta ko ya mutu. Zagayayyen yanka da aka fi sani yana da fuskoki 57: 33 a sama da ƙugu, wato siririn gefen da ya zagaye dutsen inda ya fi faɗi, ciki har da teburin, wato faffaɗar fuskar sama, da 24 a ƙasa. Idan an daddale tsinin ƙasan, sun zama 58. Haske yana shiga ta sama, ya bugi fuskar ƙasa ta gefe ɗaya, ya tsallaka ya bugi ta ɗaya gefen, ya dawo sama zuwa ido. Wannan na yiwuwa ne domin duk hasken da ya sauka a kan fuska daga ciki da karkatar da ta wuce digiri 24.4 ba ya iya fita, sai ya dawo. Aikin mai yanka shi ne ya sa kusurwoyin inda mafi yawan haske zai faɗa cikin wannan tarko.

A 1919 Marcel Tolkowsky ya yi lissafin ya fitar da tebur mai kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutsen, kusurwar sama digiri 34.5, kusurwar ƙasa digiri 40.75. Har yau ba a yi nisa da nan ba. Masu neman dutse mai wuta sukan tsaya a tebur na kashi 54 zuwa 58, zurfi na kashi 59 zuwa 62.5, kusurwar sama 34 zuwa 35, ta ƙasa 40.6 zuwa 41. Ta ƙasan ce ba ta yafiya. Idan ta yi zurfi da yawa, haske ya zube ta gefe, tsakiyar dutsen ta yi duhu, abin da masu sana'ar ke kira kan ƙusa. Idan kuma zurfin ya yi kaɗan, sai hoton ƙugun ya bayyana a cikin teburin a matsayin wani farin zobe mara kyan gani, wato idon kifi. Kusurwoyin biyu kuma tare suke aiki: ƙasa mai ɗan zurfi tana son sama mai ɗan kwanciya, haka kuma akasinsa, don haka lamba ɗaya ita kaɗai ba ta isa hukunci ba.

Ga inda batun nauyi ya dawo. A ɗauki duwatsu biyu, kowanne karat ɗaya. Na farko faɗinsa milimita 6.46, zurfinsa 3.98, wato kashi 61.6. Na biyu faɗinsa 6.2 ne kawai, zurfinsa ya kai kashi 66, ƙugunsa kuma kauri. Nauyi ɗaya ne a sikeli, amma na biyun ya ɓoye nasa a ciki da ƙugu. A kan yatsa zai fi ƙanƙanta kuma zai fi duhu. Ƙugu mai sirantaka sosai shi ma matsala ne, don yana saurin ɓantarewa lokacin ɗaurawa.

GIA ta fara ba da makin yanka ga zagayayyun duwatsu a 2006, matakai biyar daga Excellent zuwa Poor, bisa abubuwa bakwai: yawan farin hasken da ke dawowa, rarrabuwarsa zuwa launuka, walƙiyarsa idan dutse ya motsa, dacewar nauyi da faɗi, ƙarko, kyan gogewa, da daidaiton fuskoki. Wata cibiyar tantancewa, IGI, tana da matakin Ideal a saman nata jerin. Sai dai ko matakin ƙoli yana da faɗi. Akwai Excellent na tsakiya, akwai na bakin iyaka. Siffofin da ba zagaye ba, irin mai siffar ƙwai ko ɗigon ruwa, sun fi wuya, domin GIA ta daɗe tana ba su makin gogewa da daidaito ne kawai. Irin waɗannan sukan sami wani baƙin ratsi a gicciye a tsakiya, kuma ba lambar da ke kan takarda da za ta faɗi tsananinsa.

Mai yankan dutsen haƙa yana da uzuri idan ya ɗan karkace don ceton nauyi, tun da ɗanyen dutsen ne mai tsada. A na ƙira ɗanyen ya yi arha, wannan uzuri ya faɗi. Abin da ke ɓata yanka yanzu gaggawa ce, domin idan ribar kowane dutse ta yi ƙasa, lokacin da za a ba shi a kan faifan gogewa ma raguwa yake.

Cibiyoyin ma ba su daidaita ba

IGI, wadda aka kafa a Antwerp ta ƙasar Beljiyam a 1975, ta fara tantance duwatsun ƙira a 2005, kuma takardunta ne suka fi yawa a wannan kasuwa. Tana amfani da cikakken 4C, lambar takardar na farawa da LG, kuma tana rubuta hanyar ƙira da ko akwai alamar gyara bayan raino.

GIA kuwa ta yi ta sauya matsayi. Ta fara a 2007, tana ba da launi da tsabta a dunƙule ba harafi-harafi ba. A 2020 ta koma ba da cikakkun haruffa kamar na haƙa. A watan Yunin 2025 ta sanar da cewa za ta daina, bisa hujjar cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na duwatsun ƙira da ke shiga kasuwa sun taru a ɗan siririn zango na launi da tsabta. Daga 1 ga Oktoban 2025 farin dutsen ƙira da ya kai karat 0.15 zuwa sama aji biyu kawai yake samu a wurinta. Premium na buƙatar launin D, tsabtar VVS ko fiye, da Excellent a gogewa da daidaito, da kuma yanka idan zagayayye ne. Standard na karɓar launin E zuwa J, tsabtar VS, da Very Good a gogewa da yanka. Wanda ya kasa kaiwa nan ba ya samun aji ko ɗaya.

Hujjar GIA tana da ƙarfi, kuma ba ita ta fara kawo ta ba. Lokacin da De Beers ya buɗe Lightbox, reshensa na sayar da duwatsun ƙira, a 2018 yana sayar da karat ɗaya dala 800, ya ƙi ba duwatsun takardar maki gaba ɗaya, yana cewa kayan masana'anta ne. A Mayun 2025 ya sanar da rufe shi bayan farashi ya zube. Amma sabon tsarin yana da nasa gibin. Dutse mai launin E, VVS1, da yanka na ƙoli zai zauna a Standard tare da mai launin J, VS2, da yanka mai matsakaicin kyau, alhali ko wanda bai san sana'ar ba zai rabe su. Tsarin IGI ya fi ba mai saye abin kwatantawa, sai dai yana jan shi ya biya kuɗi kan bambancin da ba ya gani. Kuma a ko'ina, maki ra'ayin ƙwararru ne: saɓanin mataki ɗaya a launi ko tsabta tsakanin cibiya da cibiya, ko a cibiya ɗaya a rana daban, abu ne da aka saba da shi.

Haɗa takarda da dutse

Takarda ba ta da amfani idan ba ta wannan dutsen ba ce. Cibiyoyin suna rubuta lambar takardar da leza a jikin ƙugu, tare da alamar cewa na ƙira ne, kuma ana karanta ta da gilashin ninki 10, ko da yake ninki 20 ya fi sauƙi. A shigar da lambar a shafin intanet na cibiyar a ga ko bayanan sun zo ɗaya da na takardar hannu. Wannan kaɗai bai wadatar ba, domin rubutun leza a fata yake, ana iya goge shi a sake wani. GIA ta sha ba da rahoton duwatsun ƙira da aka yanka su yi kusa da awon wani dutsen haƙa, aka buga musu lambarsa. Saboda haka a auna faɗi da zurfi har lamba biyu bayan ɗigo, a auna nauyi, a nemi tabon da zanen ya nuna a daidai wurinsa.

Idan dutsen yana kan zobe ba za a iya ɗora shi a sikeli ba, amma ga zagayayye akwai lissafin kusa: faɗi sau faɗi sau zurfi sau 0.0061. Na misalin da ya gabata, 6.46 sau 6.46 sau 3.98 sau 0.0061 ya ba da kusan 1.01, sai a ɗan ƙara idan ƙugun mai kauri ne. Launi da tsabta kuwa ƙiyasi kawai ake yi a kan zobe, tun da ruwan zinariya yana shiga cikin dutse, ƙafafun riƙo kuma suna rufe tabon gefe. Don haka a gama duk dubawa kafin a ɗaura, sannan a gaya wa maƙerin ya juya dutsen yadda lambar ƙugun za ta faɗo tsakanin ƙafafun riƙo biyu, inda za a iya karanta ta ba sai an kwance ba.